Habasha ta rufe wa motar fetur ƙofa, amma sai da ta fara gina madatsa

A watan Janairun 2024 ne ministan sufuri na ƙasar Habasha, Alemu Sime, ya sanar da cewa an daina barin kowa ya shigo da ƙaramar mota mai shan fetur ko dizal, sai dai mai aiki da lantarki. Babu ƙasar da ta taɓa yanke irin wannan hukunci kai tsaye kafin ita. Norway, inda kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka saya a shekarar na lantarki ne, ba hani ta yi ba, lallashin mutanenta ta yi da rangwamen haraji na shekaru sama da 20. Tarayyar Turai kuwa 2035 ta ɗiba wa kanta, kuma ana ta ja-in-ja a kan hakan. Sai ga ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su da wuta a gida ta riga kowa.

Masu fafutukar kare muhalli sun yi ta tafi. Amma duk wanda ya leƙa aljihun gwamnatin Abiy Ahmed a wancan lokaci ya san ba hayaƙi ne ya hana ta barci ba, dala ce. Habasha ba ta cikin masu arzikin mai, ba ta kuma da gaɓar teku. Kusan duk litar da za a zuba a tanki a Addis Ababa sai ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Jibuti, sannan tankoki su yi ta haurar tsaunuka da ita ɗaruruwan kilomita. Biliyoyin daloli ke nan duk shekara, a ƙasar da kofi da furanni da zinare da kamfanin jiragen samanta ne ke samo mata kuɗin waje. A Disambar 2023, wata guda kafin sanarwar, gwamnati ta kasa biyan dala miliyan 33 na kuɗin ruwan wani bashi da ta ciwo a kasuwar duniya. A Yulin 2024 ta sakar wa kasuwa kuɗinta, birr, ya faɗi warwas.

Abin da take da shi a wadace ruwa ne. Tun 2011 aka fara gina babbar madatsar nan ta kan kogin Nilu, wadda Masar da Sudan suka daɗe suna ƙorafi a kanta, aka ƙaddamar da ita a Satumbar 2025 da ƙarfin megawat 5,150. Madatsa ɗaya tak, amma wutarta ta kai abin da Najeriya gaba ɗaya ke rarraba wa mutum sama da miliyan 200 a rana mai kyau. Lissafin Habashawa ke nan: mai na waje ne, da dala ake saye, wuta kuwa ta gida ce, da birr ake biya. Tun a 2022 ma an share fage, lokacin da aka yafe wa motocin lantarki yawancin haraji, aka bar musu ɗan kuɗin kwastan, alhali motar fetur ana lafta mata harajin da kan ninka farashinta.

Ita kanta motar ta taimaka. Wanda ya ɗaga bonet ɗin motar lantarki a karon farko sai ya ɗauka an yi mata sata. Babu fulogi, babu kafireta, babu salansa, babu zancen juyen baƙin mai. Inji ne ɗan madaidaici mai juya taya, sai faffaɗan batir shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru. Injin fetur yana ɓarar da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin man da ya sha a matsayin zafi, shi ya sa ake ta fama da lagireto, na lantarki kuwa yawancin abin da ya ja taya yake kai wa. Batirin ne tsadar, kuma shi ne ya karye: kowane kilowat-awa na batir da ake saya sama da dala 1,000 a 2010 ya dawo wajen dala 115 a 2024. Sin ce ta karya shi. Kamfanin BYD na birnin Shenzhen, wanda da batir ya fara sana'a a 1995, ya sayar da motoci sama da miliyan 4 a 2024 in an haɗa da masu amfani da wuta da mai a tare. Amurka ta ɗora wa motocin lantarki na Sin harajin kashi 100 cikin 100, Turai ma ta ƙara nata, saboda haka kamfanonin Sin suka ƙara zage damtse wajen neman kasuwa a wasu nahiyoyin. Titunan Addis Ababa na cikin inda suka samu.

To amma doka ta riga shiri. Wuraren caji na jama'a kaɗan ne, kuma kusan duk a babban birni suke, har sai da kamfanin sadarwa na gwamnati, Ethio telecom, ya shiga gina su. Mai gida da gareji ba shi da damuwa, ya jona da daddare ya tashi da safe batir ya cika, in dai ba a ɗauke wuta ba, domin can ma ana ɗaukewa. Wanda ke haya a hawa na huɗu fa? Wanda zai yi doguwar tafiya zuwa ƙauyensu fa? Ga bakanike da ya shekara 30 yana kwance inji yana ɗaurawa, yau an kawo masa motar da sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta, kayan gyaranta kuma sai an yi odarsu daga Sin. Uwa uba, an toshe hanyar da mai ƙaramin ƙarfi ke bi ya mallaki mota, wato tsohuwar da aka gama yayinta a waje. Dokar ta tsimin dala ce, amma wanda ya fara cin moriyarta shi ne mai hali.

Ruwanda ta bi wata hanya dabam, kuma a ganin mai wannan shafi tata ta fi hikima. Maimakon motar mai kuɗi da ke wuni a inuwar ofis, sai aka fara da abin hawan da ba ya hutawa, babur ɗin haya. Tun 2019 kamfanin Ampersand ke zuba baburan lantarki a Kigali, kuma dabarar ita ce direba ba ya sayen batir. Babur nasa, batir na kamfani. In caji ya yi ƙasa sai ya tsaya a rumfar musanya, yaron shago ya zaro wanda ya ƙare, ya zura cikakke, ya karɓi kuɗin wutar, cikin minti biyu ko uku direba ya koma neman fasinja. Kamar dai yadda ake kai tukunyar gas da ta ƙare a karɓo cikakkiya. Da wannan an kashe matsala biyu: tsadar batir ta sauka daga wuyan direba, jiran caji na sa'o'i kuma ya kau. Sai da abin ya kankama, aka yi rangwamen haraji da na kuɗin wuta ga wuraren caji a 2021, sannan daga Janairun 2025 aka daina yi wa sabon babur ɗin haya mai fetur rajista a Kigali. Kamfanin Spiro ma irin wannan sana'a yake yi a Benin da Togo da Kenya.

A nan ne labarin ya shafi Kano da Maiduguri da Maraɗi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000. Ɗan adaidaita sahu ne ya fi kowa sanin zafin abin, domin kullum sai ya cire kuɗin mai, ya cire balas ɗin mai keke, ya cire na tikiti, kafin ya ga na cefane. Shi ne mutumin da canji zuwa lantarki zai fi yi wa rana, don wanda ke wuni bisa titi shi ke saurin fanshe tsadar batir. Batirin mota guda kuma zai wadaci babura sama da 10. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya nuna abin mai yiwuwa ne tun da ya fara cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir, gwamnatin Babagana Zulum ma ta zuba motocin haya na lantarki.

Abin da bai kamata a kwaikwaya ba shi ne hanin. Ƙasar da ba ta da wutar Habasha, in ta ari dokar Habasha, farashin motocin Kwatano kawai za ta tayar, 'yan fasa-ƙwauri su samu sabuwar sana'a. Mota mai cin caji daga janareto kuwa fetur ɗin dai take sha, ta bayan gida.

A Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, jihohi da dama sun yi sama da mako guda cikin duhu. Da a ce kekunan Kano sun dogara da waɗannan layuka, da gari ya tsaya cak. Saboda haka duk rumfar musanyar batir da za a kafa a nan dole ta zo da farantan sola a rufinta da ma'ajiyar wuta tata, sannan da inuwa da iska, domin zafin watan Afrilu yana rage wa batir kwana. Wannan jari ne da ya fi ƙarfin direba, kuma banki mai neman ruwan kusan kashi 30 cikin 100 ba zai ba shi ba. Gwamnatin jihar da ke da kuɗin sayen motocin lantarki 100 don bikin yanke kyalle, da ta zuba su a irin waɗannan rumfuna a bakin tasha da kasuwa, ta bar ƙungiyoyin direbobi su ɗauki kekunan a kan biya kaɗan-kaɗan, da fasinjan Sabon Gari zuwa Kabuga ya ji sauƙin a kuɗin mota.