Raddi Ga Masu Cewa Zaɓen Milei Nasarar Aƙidar Libatariyan Ce

Tun da Javier Milei ya kayar da Sergio Massa a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Ajantina a Nuwamban 2023 da kusan kashi 56 cikin ɗari, wasu manazarta ke yayata cewa zamanin aƙidar libatariyan ya zo, wai jama'a sun gaji da gwamnati, suna so ta tsame hannunta daga kasuwa da aljihunsu. Hujjojinsu uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Sun ce ƙuri'ar Milei ƙuri'ar aƙida ce. Amsa ita ce, a waccan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 200, mai kanti na sauya farashin kayansa kafin albashin ma'aikaci ya kai tsakiyar wata, kuma Massa ne ministan tattalin arziki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. A zagayen farko ma Milei kusan kashi 30 ya samu, yana bayan Massa. Sauran ƙuri'un sun zo ne bayan tsohon shugaban ƙasa Mauricio Macri da 'yar takara Patricia Bullrich sun mara masa baya, su kuwa ba 'yan wannan aƙida ba ne.

Sun ce ya aiwatar da aƙidar, ta kuma yi aiki. Gaskiya ne ya rage ma'aikatu da rabi, ya tsuke kashe kuɗi, hauhawar farashi ta sauko ƙwarai. Amma ina alkawarin rufe babban banki? Ina na maye gurbin peso da dala? Bankin yana nan, peso yana nan. A Afrilun 2025 ya ƙulla yarjejeniyar rancen dala biliyan 20 da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Tun watansa na farko ya ninka tallafin da gwamnati ke bai wa 'ya'yan talakawa, domin ya san tsukewa zalla ba za ta bar shi a kan kujera ba. Wannan hannun gwamnati ne ƙarara.

Sun ce guguwa ce da ta game duniya. To a duba Amurka, inda aka kafa jam'iyyar Libatariyan tun 1971. Mafi girman abin da ta taɓa samu a zaɓen shugaban ƙasa shi ne kashi 3 da ɗoriya na Gary Johnson a 2016. A 2024 ko rabin kashi ɗaya ba ta kai ba. Wanda ya ci zaɓen, Donald Trump, harajin shigo da kaya ya lafta wa ƙasashe, abin da 'yan aƙidar suka fi ƙyama.

Abin da mai zaɓe ke hukuntawa shi ne gwamnatin da ta gaza. Haɗarin da'awar manazartan shi ne ta ruɗi shugabanni su ɗauki fushin talaka a matsayin izinin janye masa asibiti da makaranta, alhali abin da ya nema shi ne kuɗinsa su riƙe darajarsu, aikin gwamnati kuma ya iso ƙofarsa.