Fatauci Zuwa Ƙasar Sin: Sabo Kafin Ciniki

Tun shekarar 1957 ake cin babbar kasuwar baje koli a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, sau biyu a shekara, ana buɗe ta cikin Afrilu da Oktoba. Fatakenmu suna zuwa can, amma da yawansu tsammani suke kuɗi kaɗai ya isa. Wannan kuwa kuskure ne babba.

Mutanen Sin ba su sakin jiki da baƙo sai sun san halinsa. Suna da abin da suke kira guanxi, watau zumunci da amana masu ƙulluwa sannu a hankali. Sai su kira ka cin abinci, a sha shayi, a yi ta hira ba a ambaci kuɗin kaya ba. Wanda ya ƙosa ya yi asara. In an miƙo maka katin suna, karɓa da hannu biyu. Kada ka kunyata mutum gaban yaransa. Kada ka yi masa kyautar agogon bango, gama a harshensu faɗin haka ya yi kama da rakiyar gawa.

Ai wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu masu fataucin goro zuwa Gwanja sai sun sami mai masauki amintacce tukuna su kwance kaya. Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su riƙa koya wa yara al'adun mutanen da za su yi ciniki da su, tun kafin jarin wani ya salwanta a banza. Allah ya sa mu gane, amin.