Wace Jita Za Ka Ɗauka Zuwa Arewa?

Ga hunturu ya ƙarato, lokacin da samarinmu na Zongo ke ɗaure kaya su nufi arewa, wasu don ganin dangi, wasu don biki, wasu kuma don neman na kansu. Cikinsu akwai masu kaɗa jita, kuma tambayar da suka fi yi mini a makaranta da bakin titi ita ce: “Malam, ina da jita biyu, mai tsada da mai araha, wacce zan ɗauka?” Wani kuma ba shi da ko ɗaya, ya tara ƴan kuɗinsa yana son ya sayi wadda za ta jure hanya. To, ga abin da na gani game da wannan batu, kowa ya auna da hankalinsa.

Da farko mu dubi hanyar kanta. Daga Kwatano zuwa Parakou ya haura kilomita 400, zuwa Malanville ya haura 700, wanda zai wuce Yamai kuwa sai ya ci fiye da 1,000. Mai zuwa Maraɗi ko Agadas nasa ya fi haka nisa. Bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 a Nijar an rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, matafiya suka koma tsallaka Kogin Kwara da kwalekwale. Saboda haka kafin ka tashi ka tambayi direbobi halin da iyakar take ciki, domin jitar da ka ɗauka tana iya shiga zem, ta hau bas, ta sha rana, ta kuma zauna a gindin kwalekwale inda ruwa ke fantsama.

Amma babban abokin gabar jita a wannan tafiya iska ce. Katako yana shan laima ya kumbura, in ya rasa ta ya ƙanƙance. A nan bakin teku laimar iska takan kai kashi 80 cikin ɗari ko fiye, a Kandi da Gaya da Maraɗi kuwa a tsakiyar hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20. Masu ƙera jita suna cewa ta fi zama lafiya tsakanin kashi 45 da 55. Fuskar jita allo ne siriri, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, an manne shi da gam a kowane gefe. In ya bushe da sauri yana son ya ƙanƙance, gam ya hana shi, sai ya dare. Abin da ke faruwa da leɓenka da dunduniyarka in ka je arewa da hunturu, shi ke faruwa da jita, sai dai ita ba ta warkewa da man kaɗanya.

A nan ne bambancin mai tsada da mai araha yake fitowa. Jita mai tsada, fuskarta allon itace ne guda, shi ya sa muryarta take da zaƙi, shi ne kuma ya sa take saurin darewa. Mai araha kuwa da katako mai ninki-ninki ake yin ta, irin wanda kafintoci ke mannawa falle kan falle, zanen wannan ya gicciye na wancan. Muryarta ba ta kai waccan ba, amma fallayen suna riƙe juna, ba ta cika tsagewa ba. Irin su Yamaha C40 da F310 da ake samu a kasuwanninmu duk haka aka yi su. An ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma a hanyar Malanville ba ado ake nema ba.

Na biyu, tsirkiya. Jita iri biyu ce, mai tsirkiyar nailan da mai tsirkiyar ƙarfe. Tsirkiyoyin nailan shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kamar kilo 40, na ƙarfe kuwa kamar kilo 70. Yawan ja, yawan wahala ga gam da katako in zafi ya tsananta. Ban da haka gishirin iskar teku yana sa na ƙarfe tsatsa tun kafin ka bar Kwatano, in ɗaya ta tsinke maka a ƙauye ba lalle ka samu madadinta ba. Ta nailan in siririyar ta tsinke, zaren kamun kifi mai kaurin da ya dace zai kai ka gari. Sai dai ta ƙarfe ta fi amo. Wanda zai kaɗa a filin biki, inda ganga da guɗa ke tashi, ta nailan ba za a ji ta ba. Wanda zai kaɗa a ɗaki ko a zaure tsakanin abokai, ta nailan ta ishe shi. Gargaɗi ɗaya a nan: kada ka kuskura ka sa tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi don nailan wai don ka ƙara mata murya. Ba a gina ta don wannan ja ba, za ta ɓalle jakin da ke riƙe tsirkiyoyin, ko wuyan ya lanƙwashe.

Na uku, girma. Cikakkiyar jita tsawonta kusan mita guda ne, ba ta shiga tsakanin kujerun bas da daɗi. Yaran mota za su ce a sa ta cikin kaya, ko a ɗaure ta a saman mota tare da buhuna. Daga Maris zuwa Mayu zafin arewa yakan wuce digiri 40 a inuwa, abin da ke ƙarƙashin tamfol a rana kuwa ya fi haka nesa, har gam ya yi laushi. Akwai jita ƙarama da ake kira uku-bisa-huɗu, wadda ake yi wa yara masu koyo, tsawonta kamar santimita 90. Wannan kana iya tsayar da ita tsakanin gwiwoyinka har ka isa. Kada ka ji kunyar ƙanƙantarta. Kamfanonin Amurka irin su Martin da Taylor suna ƙera ƙananan jita musamman don matafiya. Har ɗan sama-jannatin nan na Kanada, Chris Hadfield, da ƙaramar jita ya yi waƙa a tashar sararin samaniya a 2013, duniya ta saurara.

In muka waiwaya gida za mu ga manyanmu sun daɗe da gane wannan. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya ƙasashe da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, gwangwani da fatar akuya, abin da ake riƙewa da hannu guda. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara, bai mallaki jitar kansa ba sai a 1968 da ya saye ta a birnin Sofiya na Bulgeriya. Mdou Moctar na Nijar da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ga shi yau ya yi suna har Turai da Amurka. A nan Benin ma, marigayi G.G. Vikey da muryarsa da jita marar lantarki ya shiga zukatan mutane. Babu wanda tsadar kayan kiɗa ta ɗaga cikinsu. Garaya da gurmi da molo kuwa, duk abin da ya lalace a jikinsu mai su yana iya gyarawa a duk kasuwar da ya sauka. Da wannan idon ya kamata matafiyi ya zaɓi jitarsa: wadda in ta samu rauni kafinta zai iya ɗinke ta da gam, in kuma ta mutu ba za a yi zaman makoki ba.

Don haka shawarata ita ce, mai jita biyu ya bar mai tsadar a gida cikin akwatinta, ya ɗauki mai arahar. In gado ce ko kyautar wani babba, to maganar ɗaukarta ma ba ta taso ba. Mai shirin saye ya nemi ta katako mai ninki, ƙarama, mai nailan in ba biki zai kaɗa ba. In ta hannu ce, ya ɗaga ta ya hango wuyan daga kai zuwa gindi ya ga ko a miƙe yake, ya zura takarda ƙarƙashin jakin ya ga ko ya fara ɗagawa, ya murza makullan shida ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa fuskar ya ji ko wani abu na karkarwa a ciki. Ya kuma karɓi rasit ya adana, saboda tambayoyin duwan da jandarma a hanya.

Ranar tafiya ka sassauta tsirkiyoyin kaɗan, ka naɗe kan jitar da tsohuwar riga, ka sa ta a jaka, ka rufe da babbar leda saboda ƙura da ruwa. Ka tafi da tsirkiyoyi na ajiya. Da ka wuce Parakou da hunturu, ka jiƙa ɗan soso, ka matse shi sosai, ka sa shi a leda mai huji-huji, ka ajiye cikin jakar ba tare da ya taɓa katakon ba, ka riƙa jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku. Kada ka jingine ta a rana ko kusa da murhu. In ka ji bakin ƙarafan wuyan sun fara kartar yatsa, katako ne ya fara bushewa, ka yi maza ka mai da ta jaka.

Daga ƙarshe, ƙannena, akwai abin da ya fi katako saurin tsagewa, wato zumunci. Ba kowane gida ne yake maraba da kiɗa ba. In ka sauka, ka fara gaida manya, ka nemi izinin mai gida kafin ka buɗe jaka, ka kiyaye lokacin salla da na barcin mutane. Baƙon da ya yi haka, shi ake cewa ya ƙara ɗaya kafin ya tafi.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa. Wassalam.