Zobon Gida Ba Maganin Mura Ba Ne



Makon jiya, a wani taron suna a Treichville, wata dattijuwa ta kawo zobo irin na Kano: ja har ya koma baƙi, mai kauri, ya sha citta da kanumfari da masoro. Wani saurayi ya kurɓa, ya yatsine fuska, ya ce wannan ai maganin mura ne, a kawo masa bisap. Aka kwashe da dariya. Da taro ya watse, baiwar Allah ta ɗauki kayanta kusan yadda ta kawo.

Ba ni da faɗa da bisap. Yakuwa ɗaya ce ta haife su duka. Mutanen Senegal suna cewa bisap, Misira da Sudan karkade, Ghana kuwa sobolo, ɗan'uwan soborodonmu. Na Abijan tsinkakke ne, ga sukari, ga na'ana'a, ga ƙanshin abarba, kuma duk wanda gumi ya jiƙa a kasuwar Adjamé ya san daɗinsa idan ya yi sanyi a leda. Na arewa kuwa yana riƙe tsaminsa, yajinsa yana karce maƙogwaro, ɗanɗanonsa ya daɗe a baki. Kowa da abin da harshensa ya saba.

Abin da na ƙi shi ne raini. Faransawan da yaranmu ke kwaikwayo suna gardama kan jar giyarsu ta inabi, wadda addini ya haramta mana. Wani ya fi son ta Bordeaux mai nauyi, wani ta Beaujolais marar nauyi, amma ba ka jin ɗan wani yanki yana kunyar ta garinsu. Tun 1935 suka kafa dokar da ke kare sunan kowane yanki. Su sun tsare haram da doka, mu kuwa muna kunyar halal!

A sani, wannan dariya tana da tsada. Da zobon nan iyayenmu mata ke biyan kuɗin makarantar allo. Idan aka daina saye, za su daina dafawa, jikokinsu kuma su tashi ba su iya ba.

Don haka ina roƙon masu biki da masu suna: a ajiye duka biyun. Mai son tsinkakke ya sha lafiya, amma ya riƙe harshensa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya sa mu gane.