Hana Kamun Kifin Shak Bai Wadatar Ba Matuƙar Ba A Tsare Wurin Renon 'Ya'yansa Ba

A shekarar 2009 ƙasar Palau, wadda ke tekun Fasifik, ta haramta kamun kifin shak don kasuwanci a ɗaukacin ruwanta. Bahamas ta bi sahu a 2011, sannan a 2012 tsibiran Folinesiya da ke ƙarƙashin Faransa suka faɗaɗa dokarsu ta 2006 har ta game kowane nau'in shak. Waɗannan dokoki sun cancanci yabo, domin binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2020, wanda ya duba wuraren murjani 371 a ƙasashe 58, bai ga shak ko ɗaya ba a kusan kashi 20 cikin 100 na wuraren. Sai dai dokokin sun sa ido ne ga mai ƙugiya da koma, suka bar mai yashe gaɓar teku da mai gina otal. Matuƙar ba a toshe wannan ɓaraka ba, kariyar ba ta cika ba.

Dalilin yana cikin rayuwar kifin kansa. Shak mai baƙin fiffike, wanda ya fi kowanne yawa a gaɓar tsibiran murjani na tekunan Indiya da Fasifik, ba ya zuba dubban ƙwai kamar karfasa ko tarwaɗa. Haihuwa yake yi, kuma uwa ba ta cika wuce 'ya'ya biyu zuwa huɗu ba, bayan goyon ciki na watanni masu yawa. Ba ta shayar da su, ba ta kuma tsaron su. Abin da ke tsare su shi ne ruwan da aka haife su a ciki, wato ruwan gaɓa wanda sau da yawa bai kai gwiwa ba, inda manyan shak masu cin ƙanana ba sa iya shiga, kuma inda saiwoyin itatuwan mangurob ke ba su mafaka da abinci. A nan suke zama har su yi ƙarfin fita zuwa ruwa mai zurfi.

Wani abin lura shi ne uwar ba ta haihuwa a ko'ina. Nazarin ƙwayoyin gado da aka yi a tsibirin Mooreya na Folinesiya ya nuna cewa matan wannan shak suna komawa wurin haihuwa guda shekara bayan shekara. A Bimini ta Bahamas kuwa, an tabbatar da cewa matan wani nau'i da ake kira shak ruwan lemo suna dawowa su haihu a daidai inda aka haife su, bayan sun yi fiye da shekara 10 suna yawo a teku. A wannan Bimini ɗin ne aka yashe ƙasan ruwa aka sare mangurob domin gina wurin shaƙatawa, kuma masu bincike suka ga yawan 'ya'yan da ke kai shekara guda a raye ya ragu da fiye da kashi 20 cikin 100. Ba masunta ba ne suka jawo wannan asara, aikin gini ne.

Masu kare irin waɗannan gine-gine suna da hujja wadda bai kamata a raina ba. Yawancin ƙananan tsibirai ba su da ma'adinai masu yawa ko manyan gonaki, yawon buɗe ido shi ne jarinsu. To amma lissafin kansa yana goyon bayan kariya. An taɓa ƙiyasta cewa masu zuwa nutso domin kallon shak suna shigar wa Palau kimanin dala miliyan 18 a shekara, wajen kashi 8 cikin 100 na tattalin arzikinta a lokacin. Otal ɗin da aka kafa a kan wurin renon shak yana cinye abin da ke kawo masa baƙi.

Saboda haka ya wajaba hukumomin waɗannan tsibirai su zana taswirar wuraren reno, su ambace su da suna a cikin doka, su hana yashe su ko cike su da ƙasa, su kuma dakatar da kafa raga a cikinsu a watannin haihuwa. Wannan ya ƙara zama dole yanzu da ɗumamar yanayi ke zafafa ruwa marar zurfi fiye da sauran teku, kuma ƙungiyar IUCN ta sanya shak mai baƙin fiffike cikin halittun da ke fuskantar barazana tun 2020. Da ɗan gari akan ci gari: mutanen Folinesiya suna da tsohuwar al'ada mai suna rahui, wadda shugabannin al'umma ke rufe wani yankin ruwa na ɗan lokaci har ya farfaɗo. Doka da aka ɗora bisa irin wannan al'ada za ta fi samun masu gadinta, domin masuntan gaɓa su suka fi kowa sanin inda 'ya'yan shak ke taruwa da kuma watan da suke bayyana.