Baki ya ce lafiya lau, tafin hannu na zufa

Mai karatu, in taya ta fashe a bakin titin Sabon Wuse, dubi mutanen da ke teburin mai shayi. Wani zai waiga ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Wani kuwa sai ya zabura, kofi ya kife, gabansa ya yi ta faɗuwa har dare. Wanda ya ga gobarar tankar mai a mahaɗar Dikko a Janairun 2025 ba zai yi mamakin na biyun ba.

Masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa suna auna wannan saurin firgita. Sukan fara da tambayoyi a takarda, amma ka san halinmu, ko muna kwance a gadon asibiti “lafiya lau” za mu ce. Shi ya sa suke tambayar jiki ma. Sukan manna wayoyi a yatsu su auna zufa, a ƙirji su ƙirga bugun zuciya, a ƙarƙashin ido su ga ƙarfin ƙiftawa idan an sakar wa mutum ƙara kwatsam yana kallon hoto mai ban tsoro. Sai su haɗa amsar baki da ta jiki.

Wannan awon na ɗakin bincike ne, a gida idonka ya isa. In ɗanka ko maiɗakinka ta haura wata guda tana zabura da bugun ƙofa, tana mugun mafarki, tana gudun hanyar da abin ya faru, kada ka kira ta matsoraciya. Kai ta wurin likita, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna.