Mulkin Jinga a Bakin Tafkin Kainji

Duk taron da ka shiga a 'yan shekarun nan, a Birnin Kebbi ne ko a Abuja, magana ɗaya za ka ji: gwamnati ba ta iya aiki da hannunta, gara ta ɗauko kamfanin ƙwararru ya ba ta shawara, sauran ayyukan kuma ta miƙa wa 'yan kwangila. Wai ta haka ake rage kashe kuɗi, kuma wai wannan harka ta sayar da shawara da karɓar aikin wasu ita ce za ta raba matasanmu da zaman kashe wando. A watan Maris na 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da wani shiri a Gombe don jawo ayyukan kamfanonin ƙetare zuwa hannun matasan Najeriya, ana ta buga misali da Indiya da Filifins. Har yaranmu masu digiri a Yelwa sun ɗauka, suna cewa nan gaba mutum zai zauna a ɗakinsa ya yi wa Bature aiki ta intanet a biya shi da dala.

Ni ɗan bakin ruwa ne, kuma ban yarda da wannan magana ba. Harkar tana bunƙasa, wannan gaskiya ne. Amma abin da ke ciyar da ita shi ne rushewar aikin gwamnati, kuma mu mutanen Yauri da Ngaski da Shanga mun fi kowa sanin abin da take bari idan ta tattara takardunta ta tafi.

Sunan abin a Hausa jinga. Manomi ya san ta sarai: ka yanka wa mutum gefen gona, ku yi ciniki, ya nome, ka biya shi, ku rabu lafiya. Babu laifi a ciki. Sai dai mai gonar da ke ba da jinga shi ma manomi ne. Da yamma zai zagaya, ya tura ƙafa cikin kunya, ya gane ko an yi noma ko ƙasa kawai aka yayyafa wa ciyawa. Ranar da mai gona ya manta yadda ake riƙe fartanya, ɗan jinga ne zai faɗa masa kuɗin aiki, shi ne kuma zai faɗa masa cewa aiki ya yi kyau. Halin da ma'aikatunmu suka shiga ke nan. An bar injiniyoyi da malaman gona da akantoci sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, waɗanda suka rage an bar su da tebur babu kayan aiki, sannan aka dawo ana cewa ai ga shi ba su iya komai ba, a kira ɗan waje.

Mu an fara gwada wannan a kanmu tun kafin a haifi yawancin masu wannan magana. Da aka tashi gina madatsar Kainji, daga 1964 zuwa 1968, kamfanonin Balfour Beatty na Ingila da Nedeco na ƙasar Holan ne suka yi zane da lissafi, haɗakar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ta yi gini, Bankin Duniya ya ba da rance. Ba na musun cewa a lokacin ana bukatarsu. Ƙasa ce da ba ta wuce shekara huɗu da samun 'yanci ba, ba ta da masu tare kogin Kwara da kankare. Madatsar tana nan tsaye har yau, aikinsu na injiniya ya yi kyau. Inda aka yi ɓarna shi ne da aka ɗauka cewa wanda ya san kankare ya san mutane. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga gidajensu. Gungawa, waɗanda suka gaji noman albasa a tsibirai suna ɗibar ruwan kogi suna ba ta, aka kwashe su zuwa tudu. Aka zana musu gidajen bulo masu rufin asbestos a ofishin mai zanen gine-gine, aka jera su kamar bariki. Tambayi tsofaffinmu yadda ɗakunan nan suke a watan bazara, da yadda magidanci ya rasa inda zai kafa rumbu, ya rasa yadda zai ware wa kowace mace sashenta, har mutane suka koma suna gina ɗakunan laka a gefe. Da an zauna da mai unguwa ɗaya da tsohuwa ɗaya na yini guda, da an san wannan. Masu zanen sun karɓi kuɗinsu sun koma gida, mu ne muka kwana a ciki.

Shekara sittin ke nan ana auna mu. An auna kifinmu, an auna ƙasarmu, an ƙirga jiragenmu, an rubuta littattafai a kanmu da harsunan da ba ma ji. Ni kaina na taɓa zama tafinta ga wasu baƙi da suka zo da motoci biyu da takardun tambayoyi. Muka sami wani dattijon masunci yana gyaran koma a inuwa, zare a baki. Ya yi kusan awa biyu yana yi musu bayani: lokacin da farin ruwa ke zuwa da damina, lokacin da baƙin ruwa ke isowa daga can sama da rani, inda giwan ruwa ke kwanciya, inda kututturan itatuwan da tafki ya haɗiye suke jiran jirgi. Suna ta rubutu. Da za mu tafi aka miƙa masa lemon kwalba. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, in sun gama littafin, ka ce a aiko mana ko shafi ɗaya mu ga abin da muka ce.” Na ce, “To, Baba.” Har ya rasu ban sami abin da zan kai masa ba. Ilimin da ya tara a shekara hamsin kan ruwa shi ne jarin rahoton, an karɓa kyauta, an sayar wa gwamnati da tsada.

Ko aikin da ya fi kowane kyau a cikin irin waɗannan, wato shirin bunƙasa kamun kifi na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus da aka fara a 1993, darasinsa ɗaya ne. Ya yi tasiri ne saboda ya jawo sarakunan ruwa da masarautu a jiki, aka yi wa masunta rajista, aka hana jan taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, aka yaƙi kainuwar da ke toshe ruwa. Amma shiri ne mai wa'adi. Da wa'adi ya cika, kuɗin mai na jiragen sintiri ya tafi tare da masu shi. Duk wanda ke zuwa kasuwar kifi ta Yelwa ya san girman abin da ake kawowa yanzu. Alhali ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, wadda tushenta ya faro tun 1968, da masana 'yan ƙasa masu albashi waɗanda ba za su tafi ko'ina ba. Da rabin abin da ake kashewa a tarukan otal ya shiga hannunsu da na jami'an kifi na jiha, da sintiri bai tsaya ba.

Masu kare jinga suna cewa tana rage kashe kuɗi. Daga aljihun wa ake ragewa? Kawuna ya yi shekaru yana gadi a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. A gyaran aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka sallami ƙananan ma'aikata, masu shara da masu gadi da direbobi da masinjoji, aka ce daga yanzu kamfanoni ne za su riƙa kawo su. Bayan 'yan watanni ya koma ƙofar da ya bari, bencin nan dai, tocilar nan dai, launin riga kawai ya canza. Na je yi masa murna, na ce, “Kawu, ai sai godiya, aiki ya dawo.” Ya ce, “Aiki ya dawo, ubangida ne ya ɓace. Da in albashi ya makara na san ofishin da zan je. Yanzu in na je wurin shugaban ma'aikata sai ya ce ni ba nasa ba ne, mai kamfanin kuwa ban taɓa ganin fuskarsa ba.” Babu fansho, babu ƙarin girma, babu ƙungiya, in ya kwanta ciwo kwana uku an kawo wani. Gwamnati tana biyan kamfani a kan kowane mai gadi, kamfani ya cire la'adarsa, abin da ya rage shi ke isa hannun mai kwana a waje cikin sanyin hunturu. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ma ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho da na jinga, don haka naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 labari ne kawai ga da yawa daga cikinsu. Ribar da ake kira bunƙasar masana'anta, fanshon Kawu ce ta koma aljihun dillali.

A sama kuwa, inda manyan kuɗi suke, jinga ba ta da arha ko kaɗan. Ku tuna rigimar rarar bashin Paris Club. Wasu masu ba da shawara da 'yan kwangila suka ce suna bin jihohi da ƙananan hukumomi dala miliyan 418, ladan taimaka musu karɓo kuɗin da aka cire musu fiye da ƙima. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa cirewa daga kasonsu, gwamnoni suka garzaya kotu. Ƙananan hukumomi 774 ake magana, ciki har da Yauri da Ngaski da Shanga. Lissafin abin da aka cire maka aikin akanta ne da lauyan gwamnati, mutanen da ake biya albashi kowane wata don wannan. Haka a wutar lantarki: an ba Manitoba Hydro na Kanada riƙon kamfanin dakon wuta na ƙasa daga 2012 zuwa 2016, an ba Mainstream Energy tashar Kainji a 2013, rabon wuta a Kebbi ya koma hannun Kaduna Electric. Wutar Kainji tana bi ta ƙasar Kebbi har ta kai Yamai, amma ƙauyuka da yawa na waɗanda aka tasa domin ta ba su da ko turke ɗaya. In ka kai kuka, kowane kamfani zai nuna maka iyakar kwangilarsa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Tsarin ne aka yanyanka yadda ba za ka sami wanda za ka riƙe ba.

Wannan rashin wanda za a riƙe shi ne ya fi ci mini rai, domin a bakin ruwa da rayuka ake biyansa. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Warrah a Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai ba su kai talatin ba. Babu wani sirri a cikin dalilin da sai an ɗauko ƙwararre daga Legas ya gano: tsohon jirgin katako, lodi fiye da ƙima, babu rigar ruwa, babu mai hanawa. Yaro ɗan shekara goma a Warrah zai faɗa maka wannan. Abin da aka rasa shi ne ma'aikaci mai albashi da iko, wanda zai tsaya a tasha kowace ranar kasuwa ya ƙirga fasinja ya ce ya isa, wanda ya san in ya yi sakaci za a tuhume shi, in ya yi gaskiya ba za a kore shi don ya ɓata wa mai jirgi rai ba. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da kwangilar wata shida. Mutum ba ya tsayawa gaban mai kuɗi ya ce a'a alhali bai san ko zai ga albashin wata mai zuwa ba.

Batun yi wa kamfanonin ƙetare aiki ta waya da kwamfuta kuwa, ba na raina shi. Amal Hassan ta kafa Outsource Global, matasa da yawa a Abuja da Kaduna suna ci daga gare shi, Allah ya ƙara buɗi. A Filifins sama da mutum miliyan ɗaya ke wannan sana'a. Amma can sun fara ne da makarantun gwamnati da suka koya wa yara Turanci. Mu kuwa a watan Yuni na 2021 aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka aka kwashe ɗalibai, wasu 'yan matan suka yi kusan shekara biyu a daji. Ga kuma na'urori masu amsa waya da rubuta wasiƙa da kansu sun fara cin wannan aiki a can inda ya kafu. A ce wa ɗan Dugu ko ɗan Libata ya jira wannan, alhali makarantarsa ba malamin lissafi, yaudara ce, kuma tana ɗauke hankalin mahukunta daga albasa da shinkafa da kifi, waɗanda su ne ke ciyar da mutanen nan a yau.

Hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, HYPPADEC, da aka yi wa doka tun 2010 amma ba ta fara aiki ba sai bayan shekara goma, an kafa ta ne domin mu. Ta raba rigunan ruwa, mun gani, mun gode. Abin da nake roƙonta da gwamnatin Kebbi shi ne su ɗauki 'ya'yan masunta aiki na dindindin, masu tsaron tasha da masu sintiri da masu sa alama a kan kututture, a Yelwa da Zamare da Warrah, a ƙarƙashin idon sarakunan ruwa, da albashi da fansho. In aiki ya fi ƙarfin ma'aikata har sai an kira ɗan waje, a rubuta a kwangilarsa cewa zai koya wa ma'aikacin gwamnati kafin ya tafi, a biya duk masuncin da aka yi wa tambaya kuɗin yininsa, a fassara rahoton zuwa Hausa a karanta shi a fadar Mai Martaba Sarkin Yauri da gidan rediyo, tare da adadin kuɗin da aka biya mai rubutawa. Rahotannin da aka riga aka rubuta a kan tafkin nan tun 1968 ma a fara fito da su daga durowa, a aiko wa majalisun Yauri da Ngaski da Shanga kwafi, kafin a sa hannu a kan wata sabuwar kwangila.